Tun da ya fara maganin hawan jini yake cewa miyata salam take

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Shekararmu 19 da aure da Baban Haidar, bai taɓa kushe girkina ba, har tsiya abokansa suke yi masa don ba ya cin abincin waje. To yau wajen wata biyu ke nan komai ya juye. Na yi miyar kuka ya ce salam take. Na yi taushe ya ce kamar a gwangwani aka dafa ta. Shayin safe ma cewa yake kamar ya tsotsi mukulli. Ni da yara kuwa lafiya lau muke jin abincin. Yanzu har ya sa ana ajiye masa gishiri da magi a gefen tire, yana marmasawa a kan tuwo. Jiya ƙanwata ta ce in lura, kamar tun da aka ɗora shi a kan maganin hawan jini abin ya soma. Na ƙirga, na ga kuwa haka ne. Shin maganin hawan jini yana kashe wa mutum baki? Ko wani abu ne daban? Ya rame sosai, wandunansa duk sun yi masa yawa.

Ummu_Sudais:
Wa alaikumus salam. Ikon Allah, kamar kin leƙo gidanmu. Haka surukata ta yi mana bara, kullum mai aiki ce ba ta iya girki ba. Sai da muka sallami yara biyu kafin a gane daga bakinta ne. Allah Ya ba shi lafiya.

Dan_Kwari:
Maman Haidar, ni dai a sanina in namiji ya fara cewa miya ba gishiri bayan shekara 19, ba asibiti ake nufa ba. Unguwar da yake zuwa bayan isha'i ake bincikawa.

Hajiya_Yalwa:
Kai Ɗan Kwari ka ji tsoron Allah. Baiwar Allah ta zo da damuwarta, ta ce mutum ya rame, kai kana kawo mata zancen kishiya. Mai neman aure ai ƙiba yake yi da sabon ɗinki. 'Yata, rabu da shi. Je ki ɗauko kwalin maganin ki rubuto mana sunansa yadda yake a jiki, don maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne. Ni nan shekara 11 ina sha, an canja mini sau uku.

Maman_Haidar:
Na gode Hajiya. Iri biyu ne. Ɗaya an rubuta Captopril 25mg, safe da dare yake sha. Ɗayan sunansa dogo ne, Hydrochlorothiazide, shi da safe kawai.

Tela_Mai_Zare:
Kafin a ɗora wa magani laifi, tambaya ɗaya. Da aka ce yana da hawan jini, kin rage gishiri a girki ko ba ki rage ba? Don yawanci abin da ke faruwa ke nan. Likita ya ce a rage, uwargida ta rage, maigida ya hau faɗa.

Maman_Haidar:
Na rage kam, ba zan yi ƙarya ba. Amma ai ba a sa wa shayi gishiri. Ko lemon zaƙi ya sha sai ya yamutsa fuska.

Mai_Hada_Magani_Zariya:
Maman Haidar, ƙanwarki ta yi ido. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali domin kowa ya iya duba nasa.

A cikin duk magungunan hawan jini, captopril ne ya fi yin suna wajen taɓa ɗanɗano. Ba ɓoyayyen abu ba ne, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin, wadda duk muke yarwa ko mu ƙunshe gyaɗa da ita. Bayanin masu maganin ya nuna cewa mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna samun raguwar ɗanɗano ko ɓacewarsa, kuma har rama tana iya biyo baya don mutum ya daina jin daɗin ci. Wasu ɗanɗanon ƙarfe suke ji, irin mukullin da Baban Haidar ya faɗa, wasu zartsi-zartsi, wasu kuma komai sai ya koma lami.

Dalilin da ya sa shi ya fi 'yan uwansa, wato enalapril da lisinopril da sauran masu ƙarewa da pril, shi ne akwai wani ɓangare na farar wuta a ƙirarsa, kuma wannan ɓangaren yana kama sinadarin zink. Harshe kuwa yana buƙatar zink don ƙwayoyin ɗanɗanonsa, waɗanda kusan duk mako biyu suke sabuntawa. Wannan shi ne bayanin da masana suka fi kawowa. Sannan maganin na biyu, wanda mutane ke ce wa maganin fitsari, yana ƙara yawan zink da ke fita ta fitsari, kuma yana busar da baki. Abinci kuwa sai ya narke a yawu kafin harshe ya ji shi. Ki gwada goge harshenki da tsumma ya bushe ki ɗora sukari, za ki ga sai ya ɗan jima kafin ki ji zaƙi. To an haɗa masa biyu ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarinki ba ɗanɗanon ba ne, gishirin nan ne na gefen tire. Ana ba shi magani don jini ya sauka, maganin ya kashe masa baki, shi kuma yana ƙara abin da ke hawar da jinin. Kada ya daina shan maganin, amma ya koma wurin likitan da ya rubuta masa a cikin makon nan, ya faɗa masa kalma biyu: ba na jin ɗanɗano, kuma na rame. Akwai magunguna da yawa da za a iya musanya masa.

Ummu_Sudais:
Allah Ya saka da alheri Malam. Wallahi da mun san haka da ba mu ɗauki alhakin yaran mutane ba.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar tansiyo muke ce ma ciwon. Captopril ɗin nan sananne ne wajenmu ƙwarai, ni na ga ana sa ma mutum shi ƙarƙashin halshe a likita in tansiyo ta hau da yawa. Tsohona ya sha shi, kuma ya yi irin wannan kuka, yana cewa nama kamar tsumma yake a bakinshi. Munka koma wajen lokotoro, ya ce a yi haƙuri a ba shi lokaci. Wallahi ba a canza komi ba, kamin wata ukku bakinshi ya dawo da kanshi. Saboda haka ni ina ganin ba sai an yi gaggawar canzawa ba.

Mai_Hada_Magani_Zariya:
Ɗan Maraɗi, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma shi ma yana cikin takardar: sau da yawa yakan wuce da kansa cikin wata 2 zuwa 3 ko da ana ci gaba da sha. Amma mahaifinka likita ne ya gan shi ya ce a jira. Wannan kuwa ya kai wata biyu, yana rama, yana cin gishiri da hannunsa, kuma babu wanda ya auna shi. Ko jiran za a yi, likita ne zai ce a jira.

Sarkin_Saiwa:
Duk wannan dogon turanci ne. Maganin bature dama haka yake, ya gyara nan ya ɓata can. Kakanninmu da suka shekara ɗari wane captopril suka sha? Muna da haɗin saiwoyi da ke raba mutum da hawan jini kwata-kwata cikin kwana 21, ba sai ka mutu kana haɗiyar ƙwaya ba. Mai buƙata ya same ni ta akwatin sirri.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Sarkin Saiwa, na goge lambar da ka sa. An sha faɗa, ba a talla a nan. Ra'ayinka na bar shi don a amsa maka.

Basakkwace:
Bari ni in amsa mai, don wanga zance ya taɓa ni. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, shekara 52, direba ne. Shi ba ɗanɗano ya dame shi ba, tari ne. Lisinopril anka ba shi, ya dinga wani busasshen tari dare da rana, ya sha maganin tari har ya gaji, ba wanda ya gaya mai daga ƙwayar ne. Da ya gane da kanshi sai ya watsar, ya koma ga wani mai jarka da ya yi mai alkawarin warkewa. Wata huɗu yana cewa ya ji sauƙi, don hawan jini ba ya ciwo balle ya tuna maka. Ran wata Laraba yana alwala buta ta faɗi daga hannunshi. Yau shekara ukku ɓarin jikinshi na dama bai motsi, matarshi ke ba shi abinci a baki. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya likita ya ce da ya zo ya faɗi tarin, minti biyar ya isa a canza mai zuwa wani. Maman Haidar, ki roƙe shi don Allah kada ya ajiye.

Hajiya_Yalwa:
Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ita kuma matar Allah Ya ba ta lada.

Sarkin_Saiwa:
Allah Ya ba shi lafiya. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikin masu asibitin ma akwai na banza.

Dalibi_Aji_Biyar:
Sarkin Saiwa, abin dariyar shi ne captopril ɗin da kake kushewa shi ma daga daji asalinsa yake. Wani masani ɗan Birazil, Sergio Ferreira, shi ya gano cewa dafin wani maciji na ƙasarsu mai suna jararaka yana ɗauke da abin da ke saukar da jini. Daga nan masu bincike na kamfanin Squibb a Amurka suka ƙera ƙwayar, aka amince da ita a 1981. Bambancin kawai shi ne an auna ta, an san adadin da ke aiki, an kuma rubuta illarta a takarda. Jarka fa, wa ya rubuta tata?

Ummu_Sudais:
Dafin maciji?! Shi ya sa bakin mutane ke mutuwa ashe!

Dalibi_Aji_Biyar:
A'a Anti, don Allah kada a ɗauki wannan a kai wani zauren. Babu ɗigon dafi a cikin ƙwayar. Dabarar aka koya daga dafin, ita kuwa ƙwayar a masana'anta ake haɗa ta.

Dan_Kwari:
Shi ke nan, gobe za a wayi gari an tura wa kowa saƙon murya cewa ana ba tsofaffi dafin kububuwa a asibiti.

Anti_Nas:
Mu dawo kan mai tambaya. Maman Haidar, ina goyon bayan abin da Malam na Zariya ya ce, amma ina so ki duba wasu abubuwa kafin ku je, don likita zai tambaya.

Ki ba shi turare ko citta ya shinshina ido a rufe. Yawancin abin da muke kira daɗin abinci ta hanci yake shiga, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin komai, kuma kowa ya tuna yadda korona ta yi wa mutane a 2020. Idan ƙanshi ne ba ya ji, to zancen ya koma hanci. Idan yana jin ƙanshi amma ya ɗora gishiri ko sukari ko lemon tsami a harshe ya ji wani abu daban, to harshen ne.

Ki leƙa bakinsa da fitila. Farin abu a kan harshe kamar an shafa kindirmo, ko dasashi mai jini, ko ruɓaɓɓen haƙori, duk suna ɓata ɗanɗano ba tare da wani magani ba. Sannan ki tuna ko yana shan wani abu ban da waɗannan biyun. Flagyl da mutane ke saya kamar alewa in ciki ya murɗa, ɗanɗanon ƙarfe yake sawa sosai. Metformin na masu ciwon suga ma yana yi. Ciwon ƙoda in ya yi nisa shi ma yana sa ɗanɗanon ƙarfe da ƙin nama, kuma hawan jini da ƙoda maƙwabta ne, don haka ku nemi a yi masa gwajin ƙoda da na suga. Rama a babban mutum ba abin da ake ɗora wa dalili ɗaya a rufe littafi ba ne.

Sai abu biyu da ba a kwana da su. In leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura ga mai shan ɗaya daga cikin masu pril ɗin nan, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne, don yana iya toshe numfashi, kuma ya fi samun baƙar fata. In kuma baki ya karkace, magana ta yi nauyi, ko hannu ya saki, wannan ba zancen ɗanɗano ba ne kuma.

Maman_Haidar:
Anti Nas na gode. Na gwada yanzu, ya ji ƙanshin turaren wuta sarai, har ya faɗi irinsa. Sukari ne ya ce kamar ƙasa-ƙasa da ɗaci a ƙarshe. Bakinsa kuwa a bushe yake, da dare da gorar ruwa yake kwana. Suga an gwada lokacin da aka gano hawan jinin, an ce babu.

Direban_Tirela:
Ni nawa daban ne amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Nifedipine nake sha shekara biyu. Ɗanɗano bai ɓace ba, amma dasashina ya kumbura ya fara hawa kan haƙora, in na yi asuwaki sai jini, bakina kullum gishiri-gishiri da ƙarni. Na ɗauka ciwon haƙori ne, na je a cire. Likitan haƙorin ne ya tambaye ni wane magani nake sha, ina faɗa ya yi murmushi. Aka wanke mini haƙora, aka rubuta wa likitana takarda ya canja.

Mai_Hada_Magani_Zariya:
Haka ne Direba. Nifedipine ya fi yin wannan, amlodipine ma yakan yi wa wasu, kuma ya fi tsanani ga wanda ba ya kula da wanke baki. Kun ga kowane iri da hanyarsa. Methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, bushewar baki yake sawa. Moduretic da ya cika kemis-kemis ɗinmu yana ɗauke da amiloride, wanda aikinsa toshe ƙofar da sodiyam ke bi a ƙoda, kuma irin wannan ƙofar tana nan a harshe, tana cikin hanyoyin da ake jin gishiri. Losartan ma an samu waɗanda ya ɗauke wa ɗanɗano, sai dai ba kasafai ba. Amma in faɗa da babbar murya: mafi yawan masu shan magungunan nan ba sa jin komai. Kada wanda ke zaune lafiya ya karanta wannan ya fara tsotsar harshensa yana neman ɗaci.

Amarya_Ta_Bichi:
Ni da ina da cikin fari an ba ni Aldomet, kuma wallahi bakina kamar na tauna kwabo. Ashe shi ne.

Anti_Nas:
Ƙanwata, ba lallai ba ne. Ciki shi kaɗai yana sa wannan, musamman watannin farko, ko mace ba ta shan komai. Kuma tunda kin kawo zancen: captopril da lisinopril da losartan da danginsu ba na mai ciki ba ne, suna yi wa jariri illa. Duk macen da ke shan su ta ga ɓatan wata, ta je asibiti a ranar a canja mata. Kuma kada mace ta ɗauki na mijinta ta sha don kanta na ciwo, mun ga wannan ba sau ɗaya ba.

Goggon_Yara:
To ni shawarata ta kicin ce. Maman Haidar, ɗauke gishirin nan daga tire, ki sa masa 'yar kanwa ko manda a miyarsa, ai su ba gishirin bature ba ne. Mu da su muka tashi.

Dalibi_Aji_Biyar:
Goggo ki yi haƙuri, nan kam ba zan bi ki ba. Abin da ke hawar da jini a gishiri shi ne sodiyam, kuma kanwa cike take da shi, duk da ana ce mata fotash a turance. Manda da gishirin Bilma duk gishiri ne. Magi ma wajen rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na cikin burodi da magi da yajin tsire da kilishi da taliyar yara. In aka bi tukunyar yawancinmu, kafin azahar an wuce.

Goggon_Yara:
To ɗana, ka hana gishiri ka hana kanwa ka hana magi. Da ruwan zafi za a ci tuwon?

Hajiya_Yalwa:
Goggo kin ba ni dariya. Ni ga abin da ya fisshe ni lokacin da nawa bakin ya mutu. Daddawa ta gaske, wadda ba a cuɗa ta da gishiri ba, a daka ta da citta da masoro da kanumfari da tafarnuwa. Albasa a soya ta har ta yi ja. Busasshen kifi a daka a zuba. In an sauke a matsa lemon tsami a kai, ko a sa tsamiya a miyar da ta dace. Tsami yana tayar da baki, yana kuma kawo yawu. Sannan na lura abinci mai sanyi ya fi shiga, fura da nono ba sukari sosai, ko kwaɗon zogale da ƙuli. Cokalin ƙarfe ma na ajiye na koma na roba, tuwo kuwa dama da hannu ne. Kuma in kurkure baki kafin in ci. Rage gishiri kuwa sabo ne, bayan 'yan makonni in na ci abincin biki sai in ji kamar an kifar da buhu a ciki.

Baban_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ɗana ya kawo mini wani gishiri daga Ingila, an rubuta na masu hawan jini ne, sodiyam kaɗan. Ba sai ta nema masa irinsa ba? A manyan kantuna ana samu.

Mai_Hada_Magani_Zariya:
Baba, wannan tambaya ta yi amfani. Irin wannan gishirin an cire wani kaso na sodiyam an maye shi da fotashiyam. Ga mai lafiyar ƙoda da ba ya shan wasu magunguna, yana da kyau. Amma captopril da duk masu pril, da losartan, da Moduretic, da spironolactone, duk suna sa jiki ya riƙe fotashiyam. In ya taru da yawa a jini, bugun zuciya yake rikitawa, kuma ba ya sallama. Kai ma Baba ka duba wane magani kake sha ka nuna wa likitanka robar gishirin.

Baban_Zango_Kumasi:
Lisinopril nake sha kuwa. To na ajiye shi sai na je asibiti ran Litinin.

Tela_Mai_Zare:
Tunda an ce zink ne, me zai hana ta saya masa ƙwayar zink ɗin a kemis? Ai ita ake ba yara masu gudawa, ba tsada.

Mai_Hada_Magani_Zariya:
Ba a tabbatar cewa tana gyara wa kowa ba, ta fi amfani ga wanda jikinsa ya rasa shi da gaske. Kuma in aka daɗe ana sha da yawa tana hana jiki tsotsar wani sinadarin, wato tagulla, sai a buɗe wata sabuwar matsala. Ita kanta ƙwayar tana tayar da zuciya kuma tana barin ɗanɗanon ƙarfe. Nama da hanta da wake da gyaɗa da riɗi da agushi duk suna da shi. In likita ya ga da buƙata zai rubuta.

Malam_Na_Tsangaya:
Zink ɗin nan da kuke ta faɗa, tutiya sunansa da Hausa. Yaran yanzu sai a hankali.

Dan_Kwari:
Allah gafarta Malam, in na shiga kemis na ce a ba ni tutiya, wajen maƙera za a tura ni.

Dalibi_Aji_Biyar:
Wani abin da ya kamata a sani: masu pril ɗin nan in su kaɗai ne ba su cika saukar da jinin baƙar fata yadda amlodipine ko maganin fitsari ke yi ba. Akwai binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019. An gwada haɗi uku, kuma biyun da ke da amlodipine a ciki sun fi wanda ya haɗa perindopril da hydrochlorothiazide saukar da jini. Haɗin Baban Haidar kuwa dangin wannan na ukun ne. Ni da ni ne, amlodipine zan ce a ba shi.

Anti_Nas:
Likitan gobe, a bi a hankali. Ba ka ga mutumin ba, ba ka san ƙodarsa ko zuciyarsa ba. Akwai wanda ake zaɓa wa mai pril da gangan don ya kare masa ƙoda ko don zuciyarsa ta yi rauni. Kuma wani lokacin abin da ke cikin kantin asibitin ko abin da aljihu zai iya ne ake rubutawa. In ka faɗi suna haka, gobe wani zai je kemis ya canja wa kansa.

Dalibi_Aji_Biyar:
Na karɓi gyara Anti.

Goggon_Yara:
Zoɓo fa? Ko shi ma an hana? Don na ji an ce yana saukar da jini.

Hajiya_Yalwa:
Ni ina sha ba sukari, likitana bai hana ni ba, amma ya ce kada in kuskura in ɗauke shi a madadin ƙwaya. Ga mai mataccen baki ma tsaminsa yana taimako. Goro ne ya raba ni da shi, kuma har yau ban yafe ba.

Maman_Haidar:
Salam 'yan uwa, na dawo da bayani. Da ƙyar ya yarda, sai da na karanta masa labarin yayan Basakkwace, ya yi shiru, da safe ya ce in ɗauko mayafina. An auna shi 168 a kan 100, alhali watan jiya ya sauka. Da na faɗi zancen gishirin tire likitar ta riƙe baki. Ta cire captopril ta sa wani, ta bar na safen, ta rubuta gwajin ƙoda, ta ce mu dawo bayan mako biyu. Ta ce bakin ba zai dawo rana ɗaya ba, yana iya ɗaukar makonni. Yau kwana biyar. Shayi har yanzu ya ce da mukulli a ciki, amma jiya ya cinye kwaɗon zogale irin na Hajiya Yalwa har ya nemi ƙari. Kuma ya ba ni haƙuri a gaban yara.

Dan_Kwari:
Ya ba da haƙuri a gaban yara? Maman Haidar, a sake duba takardar cikin kwalin sabon maganin, wannan ma ina jin illa ce.

Dan_Maradi:
Alhamdulillahi. Amma ni har yanzu ina ganin da an ɗauke gishirin kawai an jira, da ya dawo kamar na tsohona. Yanzu in ya warke ba mu san ko canjin ne ko lokacinshi ne ya yi ba.

Tela_Mai_Zare:
Wane magani aka sa masa a madadin?

Maman_Haidar:
Anti Nas ta ce kada a riƙa faɗin suna, don haka na yi shiru.

Yar_Gidan_Liman:
Salam, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Mahaifiyata shekararta 70, amlodipine kaɗai take sha tun shekara huɗu, ba ta taɓa kuka ba sai watan nan ta fara cewa ruwa ma ɗaci yake mata. Ba a canja mata komai ba. Shi ma maganin ne, ko tsufa?

Anti_Nas:
Shekara huɗu lafiya sannan yanzu? Ni zan fara neman wani dalilin. Tana sa haƙoran roba? Kuma a watan nan ba wanda ya ba ta wani abu, ko na kemis ko na gida?

Yar_Gidan_Liman:
Bari in kira yayata, ita ke zaune da ita.